Ƙanjamau Da Ciwon Sanyi: Waɗanda Ake Tambaya A Damare Ba Su Ake Koyarwa Ba

Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Adamawa yana Damare, a ƙaramar hukumar Girei, ba nisa da Jimeta. Duk zangon da aka buɗe shi, matasan da suka gama karatu daga kowane lungu na Najeriya sukan yi mako uku a ciki, ana fareti ana lacca. Cikin laccocin da aka daɗe ana yi wa 'yan hidima akwai ta cuta mai karya garkuwar jiki, don tun farkon shekarun 2000 hukumar NYSC da asusun UNICEF suka fito da shirin horar da su, su kuma su shiga makarantun sakandare su koya wa ɗalibai yadda za su tsare kansu. Shiri ne mai kyau, ba ni da ja. Amma da Turanci ake bayanin, a bayan katanga, ga mutanen da in shekara ta zagayo za su tattara komatsansu su koma garuruwansu. Mai shayin bakin ƙofa, da mai tuyar ƙosai, da yarinyar da ke kawo tallan gyaɗa, ba wanda ya san abin da aka faɗa a ciki.

Wannan sansani ya taɓa karɓar wasu baƙi na daban. A 2014 Boko Haram ta ci Madagali da Michika, a ƙarshen Oktoba ta ci Mubi, jama'a suka kwararo Yola, wasu a mota wasu a ƙafa. Aka zuba dubbai a sansanin Damare, wasu a Malkohi, wasu a harabar cocin St. Theresa a Jimeta inda Bishop Stephen Mamza ya buɗe musu ƙofa. Mafi yawansu ma ba su shiga sansani ba, gidajen dangi da na bayin Allah suka raɓa. Kowa ya san abin da gudun hijira ke bari a baya: matan da aka kashe wa maza, 'yan matan da ba mai tsaya musu, auren gaggawa don a rage bakin ci, da mai shan magani kullum wanda ya baro katinsa da ƙwayoyinsa a garin da aka ƙone. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 a sansanonin Maiduguri waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudare su da abinci da alkawarin aure. Rahoton na Maiduguri ne, amma yunwar da ta jawo abin ba ta san iyakar jiha ba. Sansanin Damare ya koma hannun masu shi, sai dai da yawa daga cikin baƙin nan ba su koma gida ba, sun zama 'yan unguwa a Girei da Jimeta da Yola.

Abin da nake so in faɗa ɗaya ne. Wayar da kai kan ƙanjamau da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, yadda muke yinta, ta tsallake mutanen da jama'a ke kai wa tambaya in abu ya same su a ƙasan cibiya. Ana tara 'yan boko a ɗakin taro na otal, a raba riga da hula, ranar 1 ga Disamba a yi tattaki da kwalaye, a ɗauki hoto don rahoton masu ba da tallafi. Mutumin Damare kuwa in fitsari ya fara yi masa zafi, ba wajen mai riga da hula zai je ba. Kemis zai je. Matarsa za ta faɗa wa ungozoma ko yayarta. Amarya za ta ji abin da za ta ji daga bakin goggonta daren kai ta. Waɗannan su ne malaman lafiyar unguwa ko mun so ko mun ƙi, kuma su ne ba a koya wa komai.

Alƙaluman ba su da ban tsoro irin na da, kuma wannan ma yana cikin matsalar. Babban binciken ƙasa na 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 in an haɗa kowa da kowa. Arewa maso Gabas ta tashi da kashi 1.1. Mai jin wannan zai ce ai abin ya yi sauƙi. Sai dai Taraba, wadda jiha ɗaya muke da ita a zamanin Gongola kafin 1991, kuma har gobe motocinmu da aurenmu ba su daina ƙetarawa ba, tana cikin jihohi biyar da abin ya fi yawa. Ga kuma adadin da ya kamata a riƙa maimaitawa a majalisun maza: a tsakanin mata kashi 1.9 ne, a tsakanin maza 0.9. Ninki biyu ke nan. Wani ɓangare na dalilin halitta ne, jikin mace ya fi saurin ɗauka. Sauran kuwa zamantakewa ce: wa ke da ikon cewa a'a, wa ke da kuɗin zuwa asibiti, wa aka aurar wa wanda ya girme ta da shekara ashirin.

A zauna a bencin kowane kemis na unguwa bayan magariba a gani. Saurayi ko magidanci zai zo ya tsaya gefe yana latsa waya har sai mata da yara sun watse. Sannan ya matso kanta ya rage murya: "Dakta, na sanyi za ka ba ni." Ba a tambaye shi yaushe abin ya fara ba, ko akwai ruwa mai fita, ko akwai ƙurji, ko yana da iyali. Tambaya ɗaya ce: "Na nawa?" In ya ce na ɗari biyar, a yanko masa kafso huɗu ko shida daga kati da almakashi, a haɗa da ƙwayar kashe zafi, a ƙulle a leda. Kwana biyu zafin ya lafa, ya ce ya warke. Matarsa kuwa ba ta ma san an yi ba.

Abin da ya faru a jikinsa daban ne. Ƙwayar cutar da ke kawo irin wannan zafin fitsari da mugunya ta daɗe da gagarar yawancin kafson da ake yankowa a kemis. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma ba da shawarar allurar ceftriaxone, kuma ita ma an fara samun inda ba ta ci. Rabin magani ba ya kashe ƙwayar, horar da ita yake yi. A jikin mace kuma sau da yawa wannan ciwo da ɗan'uwansa kilamidiya ba sa nuna alama ko kaɗan. Shiru za su yi su hau mahaifa, su toshe hanyar da ƙwai ke bi, ko su jawo ciki a wajen mahaifa wanda ke kisa in ya fashe. Mijin da ya sha magani shi kaɗai ya koma ɗakin matar da ba a yi wa magani ba, kamar mai shara ne a cikin iskar hunturu da ƙofa a buɗe. Bayan shekara uku ba haihuwa, dangin miji su fara gunaguni, a ce juya ce, a yi mata kishiya. Kishiyar ta shigo ta karɓi rabonta. Na sha jin ana lissafa illolin ciwon sanyi a taruka, ban cika jin an kawo wannan ba, alhali ita ce illar da za ta sa magidanci ya gyara zama ya saurara, don maganar haihuwa ce. Tunjere ma haka: ƙurji marar zafi ya fito ya ɓace da kansa, mutum ya manta, ciwon na nan cikin jini, mace ta yi ta ɓari ko ta haifi ɗa ba rai a ce iska ce, alhali gwajin jini a wajen awon ciki da allurar fenisilin za su iya tsare jaririn. Kuma duk wani ƙurji ko kumburi a gaba ƙofa ce da ke sauƙaƙa wa ƙwayar ƙanjamau shiga. Saboda haka wanda ke son ya rage ƙanjamau a Damare, da ciwon sanyi ya kamata ya fara, don shi ne mutane ke yarda suna da shi.

Akwai wani zance da ya zauna daram a bakin mata, har da 'yan boko: wai a masai ake ɗaukar sanyi. Gaskiya ne ba kowane ƙaiƙayi ko farin ruwa ne ake ɗauka ta saduwa ba, wani daga canjin jikin mace ne kawai, kuma zalunci ne a zargi yarinya a kansa. Amma ciwon sanyi na ainihi da tunjere ba a masai ake samunsu ba. Zancen masai ya daɗe ne don yana rufa wa kowa asiri: miji ba sai ya yi bayani ba, mata ba sai ta yi tambaya ba. Farashin wannan rufin asiri shi ne ba a taɓa kiran mijin a yi masa magani.

Kullum aka tashi ba da uzuri sai a ce al'adarmu ta kunya ba ta bari a yi irin wannan magana a fili. Wanda ya yarda da haka ya je tashar mota ko bakin kasuwa ya tsaya kusa da motar mai maganin gargajiya. Lasifika a kan rufin mota, kwalabe a jere a kan bonet, muryar da aka naɗa tana ta zagayowa tun safe: sanyin mara, ƙaiƙayin gaba, saurin kawowa, ƙanƙancewa, kowanne da sunansa da Hausa garau, a gaban tsoho da yaro, ba wanda ya toshe kunne. Yanzu ma sun koma TikTok da Facebook, su da masu kayan mata. Ashe maganar tana faɗuwa. Mai sayar da ƙarya yana faɗinta kullum da harshen da kowa ke ji, mai gaskiya kuwa sau ɗaya a shekara, cikin kwana-kwana da Turancin asibiti. Kuma kwalba ɗaya ce ke maganin basir da shawara da sanyi da "ciwon zamani". Ba yau aka fara ba: Dakta Jeremiah Abalaka ya cika Najeriya da iƙirarin warkar da ƙanjamau a wajajen shekarar 2000, Yahya Jammeh na Gambiya ya yi nasa a 2007, ya sa marasa lafiya suka ajiye maganin asibiti. Har yau duk wanda ya ce maka ka bar ƙwayarka ka sha nasa, da ranka yake ciniki.

Sai aska. In ka tambayi ɗalibin sakandare a Jimeta yadda ake ɗaukar ƙanjamau, kafin ya ambaci saduwa zai ce aska da reza da allura. Mun koya masa abin da ya fi sauƙin faɗa. Ba ƙarya ba ne, ana iya ɗauka ta kayan yanka da jini ya taɓa, amma a ƙasar nan mafi yawan masu ɗauka ta saduwa ne, sai daga uwa zuwa jariri. Inda askar wanzami da almakashin mai yankan farce suka fi haɗari shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba, ƙwayarsa kuma tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. Binciken 2018 ɗin nan ya samu kusan kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da shi. Ana ɗaukarsa ta saduwa, ana ɗauka a wajen haihuwa, yana da allurar rigakafi da ake so a yi wa jariri cikin sa'a 24 da haihuwa. Wanzamin da ke zuwa askin suna, ya yi kaciya, ya yi ƙaho, ya cire beli, yana shiga gidajen da ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. In an zaunar da shi an nuna masa dalilin sabuwar reza ga kowane kai, aka kuma roƙe shi ya riƙa tambayar mai jego ko an yi wa yaro allurar hanta, an samu ma'aikaci ba albashi.

Babban abin da ya tsufa a wayar da kanmu shi ne tsoro. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 suna tuna hotunan ƙwarangwal a bangon asibiti da laƙabin "kabari kusa". A lokacin akwai dalili. An ba da rahoton cutar a Najeriya a 1986, magani bai iso hannun talaka ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma sai da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito a 1997 ya ce ita ce ta kashe ƙanensa Fela, sannan wasu suka yarda akwai ta. Amma tsoro ya gama aikinsa, yanzu ɓarna yake yi. Wanda ya ɗauka sakamakon gwaji takardar mutuwa ce, ba zai je gwaji ba.

Ga abin da mutumin unguwa ya cancanci ya ji, kuma da wuya ka samu wanda ya ji shi cikakke. Gwajin ɗan tsini ne a yatsa, ɗigon jini a kan 'yar takarda, minti goma sha biyar zuwa ashirin an gama. In ya nuna akwai, sai an sake da wani nau'in kafin a tabbatar. Maganin yau ga yawancin mutane ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta a asibitocin gwamnati da ke bayarwa. Wanda ya riƙe ta ba fashi, cikin wata shida galibi ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinta, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya zauna a kai ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta saduwa. Wani babban bincike a 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96, bincike-binciken da suka biyo baya kuma suka ƙara tabbatarwa. Mai ciki da ba ta shan magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari za su ɗauka; in tana sha, abin yakan sauko ƙasa da 5. Wadda aka yi wa fyaɗe, in an kai ta asibiti cikin sa'a 72, akwai maganin kwana 28 da ke hana ƙwayar kama jiki. Wannan na ƙarshe ya kamata kowane mai unguwa da kowace uwa su san shi kamar sunansu, domin abin da aka saba shi ne a kwashe kwana ukun nan ana sulhu tsakanin dangi, ana rufa-rufa, har lokacin ya wuce.

Maganar gwaji kafin aure ta samu karɓuwa, kuma na yi murna. Hukumar Hisba ta Kano ta sa shi cikin sharuɗɗan auren zawarawa tun 2012, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure. A Adamawa coci-coci da yawa sun daɗe suna neman takardar, limamai da iyaye ma suna ƙara nema. Sai dai takarda ba ilimi ba ce. Wanda ya ɗauki ƙwayar kwanan nan, gwajin yatsa na iya kasa ganinta har zuwa wata uku, don haka gwajin ana jibi ɗaurin aure bai gama magana ba. Takardar boge kuma ba ta fi ƙarfin mai kuɗi ba in iyaye ba su sa an je tare ba. Sannan ana gwada ango da amarya a manta da uwargida, a manta cewa bayan biki rayuwa na ci gaba: direban da ke kwana a hanyar Numan zuwa Gombe, ɗan kasuwar shanu tsakanin Mubi da Ngurore da kudu, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar iyali.

A nan ina ganin addini ya riga ya ba mu wani tsari da ba mu lura da shi ba. Iddar saki kusan wata uku ce, takaba wata huɗu da kwana goma. Tsawon lokacin da gwaji ke buƙata ke nan kafin a amince da shi. A garin da aure ke yawan mutuwa ana sake ɗaurawa, da malamai za su riƙa ba da shawara bazawara ta yi gwaji in ta gama idda, mai nemanta kuma ya yi sau biyu, farkon nema da dab da aure, da an toshe wata babbar kafa ba tare da an kawo wani baƙon abu ba. Sharaɗin shi ne sirri. Limamin da ya karɓi takarda ya bar maganar ta fita, ya kashe gwaji a unguwarsa na shekara goma. Akwai dokar ƙasa ta 2014 da ta hana nuna wa masu ɗauke da cutar wariya da tona sakamakonsu, amma kafin doka akwai amana. Kuma sakamako ba shi ne ƙarshen aure ba. Hukumar yaƙi da cutar ta Jihar Bauchi ta yi suna da haɗa aure tsakanin masu ɗauke da ita, yau kuma da magani har wanda ke da ita da wadda ba ta da ita suna iya zama su haifi 'ya'ya lafiyayyu, muddin kowa ya sani kuma ya yarda.

Kwaroron roba shi ne inda taro kan watse. Mai wa'azi yana tsoron a ce ya halatta zina, ma'aikacin lafiya yana tsoron a ce ɗan kwangilar Turawa ne. Ni ina ganin an fara muhawarar daga inda ba a nan ta fi zafi ba. A bar saurayi da budurwa tukuna, a ɗauki magidanci mai mata biyu da aka ce ya sha magani mako guda kada ya kusanci iyali, ko wanda aka samu da ƙwayar yau, maganin bai kai ga danne ta ba. Me zai yi? Malamai da dama sun yi ƙiyasin roba da azalu, wanda fiƙihu ya san shi tun tuni. In an yarda da wannan a cikin aure, sauran maganar ta zo da sauƙi: kame kai shi ne asali, wanda ya kasa kuwa kada ya haɗa laifinsa da ɗaukar ran matar da ke gida tana jiransa. Ba mu ne farkon Musulmin da suka fuskanci wannan ba. A Yuganda ƙungiyar likitoci Musulmi ta fara horar da limamai da mataimakansu tun 1992, suna bi gida-gida. A Senegal an tara manyan malamai a 1995 aka yi maganar a fili, ta shiga huɗubar Juma'a, kuma ƙasar tana cikin waɗanda cutar ba ta taɓa yin yawa ba a Afirka ta Yamma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Makaranta ba za ta ɗauke mana wannan nauyi ba. Manhajar rayuwar iyali da ƙanjamau da aka shigar a 2003 ba ta taɓa zama da gindinta a Arewa ba, a Nuwamban 2022 kuma ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhaja, ya ce aikin iyaye da malaman addini ne. To, an miƙa musu. Wa ya koya musu abin da za su faɗa? Yarinyar da ta fi shiga haɗari ma ba ta aji, tana bakin titi da faranti a ka, ko an riga an kai ta ɗaki.

Kuɗin ma da ake taron otal da su sun fara ƙafewa. Shirin PEPFAR da Shugaba George W. Bush ya kafa a 2003 shi ne ya ɗauki kaso mafi girma na maganin ƙanjamau a Najeriya shekara da shekaru. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙetare, daga baya aka rushe hukumar USAID. An sassauta wa maganin masu ɗauke da cutar, amma aikin rigakafi da na masu bi unguwa-unguwa shi ya fi shan duka. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani a watan Fabrairun shekarar. Abin a yaba ne, sai dai kuɗin ƙwaya ne, ba na magana ba. A shekarar ce kuma aka amince da lenacapavir, allurar rigakafi sau biyu a shekara, wadda a gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda ba mace ko ɗaya cikin fiye da 2,000 da aka yi wa da ta kamu. Ko ta iso Girei gobe, macen da ba ta san tana cikin haɗari ba ba za ta miƙa hannu ba, mijin da ya ji ana cewa allurar hana haihuwa ce kuma ba zai bari ba. Mun ga abin da irin wannan jita-jita ta yi wa ɗigon shan inna a 2003.

Abin da nake ba hukumar yaƙi da cutar ta jiha da hukumar lafiya matakin farko shawara ba mai tsada ba ne. Masu kemis suna da ƙungiya, suna taro. A je taronsu, a koya musu tambayoyi huɗu ko biyar da za su yi wa mai neman "na sanyi", da alamomin da ba a tsayawa, a ba su 'yar takardar tura mutum asibiti, ɗaya tasa ɗaya ta iyalinsa, a bar su su sayar da abin gwajin kai na ƙanjamau da ake goga wa a dasashi. Za a ce doka ba ta ba mai kemis ikon sayar da irin waɗannan kafso ba, horar da shi kamar sa masa albarka ne. Na ji. Amma yana sayarwa yau, zai sayar gobe, kuma shi ne a buɗe da ƙarfe tara na dare lokacin da asibitin unguwa ke kulle. Za a kuma ce maƙwabci ne, bakinsa ba ya shiru. Mai kemis ya fi kowa sanin cewa ranar da ya tona asirin mutum ɗaya, ranar kasuwarsa ta mutu. A asibiti ne ma mutane ke gudun ɗakin da kowa ya san na masu karɓar magani ne, har wani ya gwammace ya biya kuɗin mota zuwa wani gari. Gidajen rediyon ABC Yola da Gotel da Fombina suna da masu sauraro da Hausa da Fulfulde. Shirin da za a buɗe waya mace ta tambaya ba tare da faɗin sunanta ba ya fi tattaki goma. A Girei kuma akwai masu jin Bata fiye da kowane harshe, ga Margi da Kamwe da hijira ta kawo.

Wuri mafi wuya shi ne cikin gida, kuma a nan tsarinmu na yanzu yake cutar da mata ba da niyya ba. Mace ce ke zuwa awon ciki, don haka ita ake fara gwadawa, ita ke fara sani. Sai a ce ta je ta gaya wa maigida. Ta yaya? Wadda ta fara kawo labari ita ake ɗauka ta kawo ciwon, ko da shi ya kawo. Da yawa sukan zaɓi shiru: a ɓoye kwalbar a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, a sha a ɓoye, in miji yana gida a tsallake. Ma'aikaciyar jinya da ta san aikinta ba ta tura mace da wannan saƙo ita kaɗai. Takan ce, "Adda, ki ce masa asibiti na neman mijin kowace mai ciki, za a duba jininsa saboda jariri." In ya zo a gwada su tare kamar ba a taɓa yi ba, a faɗa musu tare, a gaban wanda zai iya amsa tambayar farko da zai yi cikin fushi, a kuma yi masa maganar sauran matansa. Wannan dabara tana aiki ne kawai in da gaske ana kiran kowane miji, ba na masu ciwo kaɗai ba, in ba haka ba kiran da kansa ya zama sanarwa. Kiran kowane miji kuwa ya fi ƙarfin nas. Sai mai unguwa ya faɗa, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, fasto ya faɗa ranar Lahadi, cewa a wannan unguwa in matarka ta yi ciki, zuwa awon farko da kai ake yi.